Sabunta Manhajar Allon Tesla Model S da Model X: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu motocin lantarki na Tesla, Model S da Model X, suke ta maimaitawa, musamman waɗanda suka sayo motar ta hannu daga Amurka. Rabin amsoshin suna komawa ne kan abu ɗaya, wato wace kwamfuta ce a bayan allon motarka, don haka mai sauri ya fara da tambaya ta biyu. Sunayen wuraren dannawa na bar su yadda suke a rubuce a jikin allon, don kada mutum ya sha wahalar nema.

Sabunta manhajar mota ba daidai yake da na waya ba?

Kama da Wane ba ta Wane. Hanyar dai ɗaya ce: kamfani ya turo sabuwar manhaja ta intanet, motar ta sauke, ka danna, ta girka da kanta ba tare da bakanike ya sa hannu ba. Tesla ya fara haka tun 2012, shekarar da Model S ta fito da allonta mai inci 17 a tsaye tsakanin direba da na zaman gaba. Inda suka rabu da waya shi ne nauyin da aka ɗora wa allon. Ba rediyo da taswira kaɗai ke cikinsa ba. Daga nan ake kunna esi, a share raɓar gilashi, a ɗaga motar ko a sauke ta, a yanka wa caji iyaka, a ga kyamarar ribas. Har ƙarar nan ta tik-tik da sigina ke yi, daga kwamfutar allon take fitowa. A waɗanda aka sake wa fasali daga 2021, zaɓen gaba ko baya ma a gefen allon ake yin sa.

Sannan ƙunshin da ake turowa ba na allo kaɗai ba ne. A cikinsa akwai rabon kwamfutar batir, da ta injin lantarki, da ta ƙofofi da sauransu. A ƙarshen 2013, bayan wasu Model S biyu sun kama da wuta sakamakon taka ƙarfe a manyan hanyoyin Amurka, kamfanin ya turo manhajar da ta hana motar yin ƙasa sosai in tana gudu. Masu ita suna kwance a gida aka sauya wa motarsu tsayi.

Yaya zan san wace kwamfuta ce a motata?

Shiga Controls, ka danna Software, sannan Additional Vehicle Information. Za ka ga ɗaya daga cikin sunaye uku. NVIDIA Tegra ita ce ta farko, wadda ake kira MCU1, tana cikin motocin da aka ƙera daga 2012 zuwa wajen Maris na 2018. Intel Atom ita ce MCU2, daga 2018 har zuwa sauyin fasalin 2021. AMD Ryzen kuma ita ce ke cikin masu allo a kwance, waɗanda ke da ƙaramin allo na biyu don fasinjojin baya.

Kada shekarar mota ta ruɗe ka. Ana samun 'yar 2016 da mai ita na farko ya biya aka sa mata Intel, ana kuma samun 'yar farkon 2018 mai tsohuwar NVIDIA. Abin da allon ya rubuta shi ne gaskiya, ba abin da dillali ya faɗa ba.

Mece ce ma'anar lambobin nan irin su 2023.44.30?

Ta farko shekara ce, ta biyu makon da aka yanke reshen manhajar, sauran kuma gyare-gyaren da suka biyo baya. Wato 2023.44.30 tushenta mako na 44 na 2023 ne, ko da sai a Disamba ta iso motarka. A Disamba ne kamfanin ya saba turo babbar sabuntawa mai ɗauke da sababbin abubuwa.

Abokina ya samu sabuwa tun makon jiya, ni shiru. Motata ta lalace ne?

Yawanci lafiyarta ƙalau. Ba a sakar wa kowa lokaci ɗaya. Ana fara ba wa motoci kaɗan, a zuba ido, in ba a ji kuka ba a ƙara. Wanda zai samu da lokacin da zai samu ya danganta da irin kwamfutarsa, da yankin da aka ƙera motar dominsa, da ko tana da FSD, tsarin da mota ke tuƙa kanta direba yana sa ido, domin masu shi sukan kasance a wani reshe dabam wanda lambarsa ke nuna kamar yana baya. Ko an samu lamba ɗaya ma, ba lallai a samu kaya ɗaya ba. Sabon fasalin allo na 2024 da mataimakin hira Grok da ya zo a 2025 masu AMD aka yi wa, masu Intel sun ga lambar ta canza amma ba su ga waɗannan ba. Masu NVIDIA kuwa an daɗe da wuce su.

A shafin Software akwai zaɓi biyu, Standard da Advanced. Advanced na nufin a ba ka da zarar ta samu ga irin motarka, Standard kuma ka jira ta ƙara gogewa. Ra'ayina, duk wanda ke nesa da garejin kamfanin ya zauna a Standard. A Nuwamba 2023 wani kamfanin motocin lantarki mai suna Rivian ya turo wa motocinsa sabuntawa da takardar shaidar tsaro wadda ba ita ba ce, allunan waɗanda suka riga kowa dannawa suka mutu, sai da aka kwana ana neman mafita. Waɗanda suka yi jinkiri labari kawai suka ji. Bari na gaba su fara taka ƙayar.

Dole sai da Wi-Fi? Kuma data nawa take ci?

A aikace, eh. Motar tana da layin waya nata a ciki, amma kamfanin ya fi barin sa don gyaran da ya shafi tsaron rai. Sauran ana jiran Wi-Fi. Girman ƙunshin yakan kama daga ɗaruruwan megabait zuwa giga ɗaya ko biyu, bayanan taswira kuma sun fi haka nesa ba kusa ba. Intanet ɗin wayarka ya wadatar in ka raba wa motar, haka ƙaramar na'urar MiFi da za ka ajiye a ciki.

Abu biyu ke yawan hana ruwa gudu. Na farko, MCU1 ba ta ganin Wi-Fi mai 5GHz, sai 2.4GHz, don haka in motar ba ta ga wayarka ba, sauya zangon. A iPhone, kunna Maximize Compatibility shi ke yin wannan. Na biyu, motar ba ta shiga irin Wi-Fi na otal wanda sai an buɗe shafi an rubuta lambar ɗaki. In kana son ta ci gaba da riƙe intanet ɗin wayarka kana tafiya, a saitin Wi-Fi akwai Remain Connected in Drive. Saukewa tana iya gudana kana tuƙi, girkawa ce ba ta yiwuwa.

Ana biyan kuɗi?

Sabuntawar kanta kyauta ce. Abin da ake biya shi ne Premium Connectivity, dala 9.99 a wata a Amurka, wanda ke ba da taswirar tauraron ɗan Adam, da nuna cunkoson hanya, da kiɗa da bidiyo ta layin motar. Ba sharaɗi ba ne ga sabuntawa. Netflix da YouTube, waɗanda suka zo da siga ta 10 ta manhajar motar a 2019, suna aiki da Wi-Fi ko ba ka biya ba, muddin kwamfutarka ba NVIDIA ba ce.

Daga Amurka aka kawo motar, kuma babu ofishin Tesla a ƙasarmu. Za ta ci gaba da samun sabuntawa?

Muddin ba a taɓa cikin kwamfutarta ba, in ta samu Wi-Fi za ta gaisa da gida ta karɓi rabonta, a matsayinta na motar Amurka. Layin da ke cikinta na kamfanin AT&T ne, kada ka dogara da shi a Abuja ko Kano ko Yamai. Waɗanda aka ƙera kafin Yunin 2015 ma na'urar 3G gare su, wadda ko a Amurkar ta daina aiki tun Fabrairun 2022 da aka rufe 3G, sai wanda ya biya dala 200 aka canza masa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A Afirka, Maroko ce Tesla ya fara sa ƙafa, Najeriya da Nijar babu garejinsa. Garantin motar kuma na yankin da aka sayar da ita ne. Ma'ana in sabuntawa ta zo da gardama, babu ma'aikacin kamfani da zai zo ƙofar gidanka. Wannan shi ya sa na ce a zauna a Standard. Ka kuma tabbata an mayar da motar cikin akawun ɗinka na Tesla. In har tana cikin na mai ita na baya, shi manhajar waya ke sanarwa, shi ke iya ganin inda take a duk lokacin da ta hau intanet. Ana nema ta manhajar, a tura takardun mallaka. Batun taswira kuwa yana da tasa tambayar a ƙasa.

Me ke faruwa lokacin girkawa, kuma me ya kamata in kiyaye?

In saukewa ta kammala, alamar agogo za ta fito a saman allon. Ka danna, ta tambaye ka yanzu ko wane lokaci. In ka ce yanzu, za ta ƙirga minti biyu don ka fita. Daga nan motar ba taka ba ce. Allon zai mutu ya dawo, fitilu su ƙifta, ka ji ƙas-ƙas daga ƙarƙashi inda makunnan babban batir ke buɗewa suna rufewa, famfo da fanka su tashi su tsaya. Wanda bai sani ba zai ɗauka aljanu ne suka shiga garejin, gara ka gaya wa maigadi tun da wuri. Yawanci kusan rabin awa ne, wani lokaci ya zarce. In tana caji, cajin zai tsaya, ya ci gaba da kansa in an gama.

Babban abin kiyayewa shi ne ƙofa. Gilashin Model S ba shi da firam, duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai ya ɗan sauka kaɗan don ya kuɓuce wa robar sama. Ana tsakiyar girkawa yana iya ƙin sauka, in ka ja ko ka buga ƙofar da ƙarfi ka yi wa gilashin ko ƙarfen adon illa. Ɗauki wayarka da jakarka da hularka kafin ka danna. Kada a bar yaro a ciki, domin esi ba ya aiki. Motar kuma ba za ta fara ba in an bar Keep Climate On ko Dog Mode ko Camp Mode a kunne, wato saitunan da ke barin esi yana aiki mota tana tsaye. Batir ya kasance ya haura kashi 20 cikin ɗari sosai.

Lokaci ma abin dubawa ne. Na taɓa dannawa wata Juma'a da ƙarfe ɗaya saura, wai kafin in yi wanka ta gama. Na fito da babbar riga da darduma a kafaɗa na tarar tana kashi 60. A adaidaita sahu na tafi masallaci, yaran unguwa suna kallona suna kallon motar. Laifina ne, allon ya faɗa mini. Tun daga ranar ƙarfe biyun dare nake sa mata.

In wuta ta ɗauke ana tsaka da yi fa?

Ba komai. In ana saukewa ne, na'urar intanet ta mutu, motar za ta jira ta ɗora daga baya. In girkawa ce, ƙunshin ya riga ya shiga ciki, kuma da batirinta take aiki, ba ruwanta da NEPA.

Sabuntawa ta ƙi kammala, ko allon ya yi baƙi. Me zan fara yi?

Ka fara ba ta lokaci. Mutane da yawa suna tsorata a minti na arba'in su fara danne-danne, alhali aiki take yi. In awa biyu ko uku sun wuce babu motsi, ka tsayar da motar a P, ka danne ƙananan tayoyin nan biyu da ke kan sitiyari lokaci ɗaya har allon ya mutu. Saki, ka jira alamar T ta fito. A MCU1 jiran yana da ɗan tsawo. Wannan ba ya goge komai, kamar kashe waya ne a kunna. In bai yi ba, shiga Controls, Safety, Power Off, ka zauna shiru aƙalla minti biyu ba taɓa ƙofa ba taka burki, sannan ka taka burkin ta farka. Cire filashin da ke ɗaukar bidiyon kyamara ma yana da amfani, lalataccen filashi yana iya sa allo sarƙewa.

In saƙo ya fito cewa girkawar ba ta yi ba, yawanci motar na tuƙuwa, kuma za a sake turo ƙunshin. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne ƙaramin batir mai bolt 12. Duk kwamfutocin motar a kansa suke, ba kan babban ba. A motocin kafin 2021 irin batirin darma ne na kowace mota, kuma zafi yana cin sa da wuri. In ya yi rauni, sai ka ga saƙonnin kuskure barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna. A gwada shi kafin a zargi manhaja. In kuma motarka NVIDIA ce, baƙin allon yana ta maimaituwa, tsallaka zuwa tambayar eMMC, ma'adanar bayanan kwamfutar, da ke ƙasa, wannan ba ciwon da kashewa da kunnawa ke warkarwa ba ne.

Sabuwar ba ta yi mini ba. Zan iya komawa tsohuwa, ko in ƙi karɓa tun farko?

Komawa babu, littafin motar ya faɗa ƙarara. In ka danna, bakin alƙalami ya bushe. A Disamba 2021 siga ta 11 ta fito, ta kwashe maɓallan share gilashi da ɗumama kujera daga ƙasan allo a motoci da yawa ta cusa su cikin wasu shafuka. Masu tuƙi cikin sanyin Kanada da Norway suka yi ca, domin mai tafiya a ƙanƙara ba shi da lokacin lalube. Ba wanda ya iya komawa, sai da kamfanin ya turo gyara a 2022 da ya ba mutum damar mayar da su inda yake so.

Ƙin karɓa kuwa yana yiwuwa, ba a girkawa sai ka yarda, sai dai alamar agogon za ta yi ta tsaya maka a ido. Jinkirin mako biyu ko uku hikima ce. Jinkirin shekara ba na goyon bayansa: gyaran tsaro zai wuce ka, wasu abubuwan su daina aiki da manhajar waya, kuma kamfanin ya ce ɓarnar da ƙin sabuntawa ya jawo ba ta cikin garanti.

Gaskiya ne sabuntawa na iya rage wa mota wani abu?

Gaskiya ne, kuma ya faru. A 2019 wata manhaja ta rage iyakar cajin batir a wasu tsofaffin Model S, masu su suka wayi gari nisan da motar ke yi ya ragu. Aka shiga kotu a Amurka, a 2021 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 1.5, mutum 1,743 kowa ya samu dala 625. A ƙarshen 2021 an cire damar buga wasa a allo mota na tafiya bayan hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta fara bincike. A Fabrairun 2022 kuma aka taƙaita Boombox, abin da ke sa mota fitar da kiɗa ta lasifikar waje, domin yana danne ƙarar gargaɗin masu tafiya a ƙasa.

Hannun da ke karɓa shi ke bayarwa. A Satumba 2017, da guguwar Irma ta nufo Florida, kamfanin ya buɗe wa masu motoci samfurin 60, wato masu ƙaramin batir, ragowar batirinsu da aka kulle da manhaja, na 'yan kwanaki, don su samu nisan gudu. Bayan kowace sabuntawa allon yana nuna bayanin abin da ya canza. Karanta shi, minti biyu ne.

Na ji an yi wa motar kiranye, wato kamfani ya ce a kawo ta gyara. Sai na mayar da ita Amurka ke nan?

Ya danganta da irin kiranyen. A dokar Amurka, duk gyaran da ya shafi tsaro sunansa kiranye ko da ta intanet aka yi shi. Na Disamba 2023 ya shafi motoci sama da miliyan 2 kan Autopilot, tsarin da ke taya direba tuƙi. Na Fabrairun 2024, kusan miliyan 2.2, dalilinsa rubutun wasu fitilun gargaɗi ne da ya yi ƙanƙanta. Duka biyun sabuntawa ce ta warware su. Wanda ke buƙatar sukudireba shi ne matsala ga na nesa, kuma babbansu shi ne na tambaya ta gaba. Sa lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa 17, a shafin NHTSA, zai nuna maka kiranyen da ba a yi wa motar ba.

Mene ne matsalar eMMC da masu tsofaffin motoci ke kuka da ita?

A cikin MCU1 akwai ɗan guntun ma'adanar bayanai mai giga 8, irin na tsofaffin wayoyi. Irin wannan yana da adadin rubutu da gogewa da zai iya ɗauka, kusan sau 3,000 kowane gurbi. Motar kuwa ba ta gajiya da rubuta bayanan aikinta, manhajar ma kullum ƙara ƙiba take, wurin da ya rage yana ƙanƙancewa, sai rubutun ya taru a wuri ɗaya. NHTSA ta ƙiyasta shekara biyar zuwa shida yake yi. Alamun suna zuwa a hankali: allo ya yi nauyi, ya riƙa mutuwa yana dawowa da kansa, Bluetooth ya manta wayarka, sabuntawa ta riƙa faɗuwa. Wata rana ya tafi bai dawo ba, ya tafi da kyamarar ribas da saitin esi da ƙarar sigina. A Fabrairun 2021 Tesla ya yi kiranyen motoci kusan 135,000, Model S na 2012 zuwa 2018 da Model X na 2016 zuwa 2018, ana sa musu mai giga 64 kyauta.

In motarka ta baro Amurka ba a yi mata ba, aikin ya koma hannun masu gyaran lantarki. A ido irin aikin da masu gyaran waya ke yi ne a Farm Centre ta Kano, a ɗaga guntun da zafi a dasa wani. Amma a cikin guntun akwai makullan sirri na wannan motar ita kaɗai, waɗanda da su take shaida kanta ga kamfanin. Dole a kwafo su zuwa sabon. In aka bari tsohon ya mutu murus, ana iya rasa su, a samu allo yana kunnuwa amma babu manhajar waya babu sabuntawa. Saboda haka tun yana numfashi ake canza shi, kuma a hannun wanda ya taɓa yin na Tesla, ba wanda zai koya a kan taka ba.

Ya fi in canza kwamfutar gaba ɗaya zuwa Intel?

In motar tana Amurka ko Turai tukuna, kafin a sa ta a jirgin ruwa, ni zan ce a yi. Kamfanin ya fara wannan aikin a 2020 kan dala 2,500, farashin ya yi ta sauyawa tun daga nan. Allon yana sauƙi, Wi-Fi mai 5GHz da bidiyo suna samuwa, fargabar eMMC ta kau. Sai dai canjin yana raba motar da rediyonta. FM na dawowa in an ƙara kuɗi, dala 500 aka fara sa masa, AM kuwa ya tafi ke nan. Ga mutanenmu da ba sa rabuwa da rediyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, a tambaya tun kafin a biya. Daga Intel zuwa AMD kamfanin ba ya canzawa.

Taswira tana nuna titunan garinmu, amma ta ƙi ba ni hanya. Sabuntawa za ta gyara?

A'a. Abu biyu ne aka haɗa a fuska ɗaya. Hoton da kake gani na Google ne, yana zuwa ta intanet, shi ya sa kake ganin unguwarku. Lissafin hanya kuma yana dogara ne da bayanan da ke ajiye a cikin motar, na yankinta. A shafin Software za ka ga lambarsu dabam, tana farawa da NA in ta Arewacin Amurka ce, EU in ta Turai ce. Motar da ke ɗauke da titunan Texas ba ta san yadda ake zuwa Zariya ba. Tesla kuma ya shafe shekaru bai sa Apple CarPlay ko Android Auto ba, waɗanda ke nuna taswirar wayarka a allon mota. Mafita ita ce mariƙin waya a gefen allo, sautin ya bi ta Bluetooth.

Zafin rana yana shafar allon?

Sosai. Tsofaffin alluna sukan yi kumfa a ciki, wasu har gam ya riƙa tsiyaya ta ƙasa, na bayansu kuma suka riƙa yin rawayan layi a gefe. Wannan ciwon gam ne, babu manhajar da za ta warkar da shi. Sababbin ma ba su tsira ba: a Mayun 2022 an yi kiranyen motoci kusan 130,000 masu AMD saboda kwamfutar tana ɗaukar zafi lokacin caji mai sauri har allon ya yi nauyi ko ya mutu. Shi wannan manhaja ce ta gyara shi. Akwai Cabin Overheat Protection da ke hana cikin motar wuce digiri 40 bayan ka fita, amma batir yake sha, kuma a watan Afrilu zai yi ta aiki ne ba hutu. Inuwa da marufin gilashin gaba sun fi araha.

Wani zai iya turo wa motata manhajar bogi?

Da wuya ƙwarai. A Satumba 2016 masu bincike na Keen Security Lab, wani sashe na kamfanin Tencent na Sin, sun nuna sun iya shiga Model S daga nesa har suka taka mata burki, ta hanyar wani Wi-Fi na tarko da burauzar allon. Cikin kwana goma Tesla ya toshe ƙofar, ya kuma sa motar ta daina karɓar manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun kamfanin. Inda ɓarawo ya fi samun sauƙi yanzu shi ne akawun ɗinka. Sa masa tabbaci mai mataki biyu, ka kunna PIN to Drive, wanda ke hana tuƙa motar sai an sa lambar sirri, kuma duk saƙon da ya ce ka danna wani mahaɗi don sabunta motarka ƙarya ne. A allo ko a manhajar Tesla kaɗai sanarwar ke zuwa.

Haka abin yake a sauran motocin lantarki masu tsada?

Ba duka ba. A 2022 Porsche ya yi wa Taycan sama da 75,000 babbar sabuntawa kyauta, wadda ta kawo Spotify da Android Auto marar igiya, amma sai da kowa ya kai motarsa garejin dila, domin ta fi ƙarfin a turo ta iska. Lucid Air kuwa ta intanet ta samu CarPlay a 2023. Mai shirin sayen wata ba Tesla ba ya tambaya: wanne ake turowa, wanne sai an je gareji, kuma ina garejin yake.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba a allon kafin in biya?

Sunan kwamfutar, kamar yadda aka nuna a tambaya ta biyu. In NVIDIA ce, a sa VIN a ga ko an yi kiranyen eMMC. Duba lambar manhajar: in motar Intel ce ko AMD amma lambar ta tsaya shekara biyu baya, ka tambayi dalili. Raba mata intanet ɗin wayarka a wurin, ka ga ko ta kama. Danne tayoyin sitiyarin ka ƙirga tsawon lokacin da allon ke ɗauka kafin ya dawo. Leƙa gefensa da ƙasansa ko akwai rawaya ko danƙo. Kuma kada kuɗi su fita sai mai sayarwa ya nuna maka yadda motar za ta koma akawun ɗinka.

Sai tambayar da dillalai ba sa so: an buɗe cikin kwamfutar? Motoci da yawa da ke fita daga Amurka na gwanjon haɗari ne, kamfanin kan rufe musu caji mai sauri a tashoshinsa. A wasu ƙasashen da suke bi, akwai masu fasa manhajar su sauya yanki, su sa wata taswirar, su kunna abin da ba a biya ba, sannan su toshe hanyar sabuntawa don kada aikinsu ya warware. Irin wannan motar in ta samu ta karɓi sabuwar manhaja, abin da aka ƙara mata yana iya gogewa, wani lokaci har da abin da kake ganin da shi ta zo. In mai sayarwa ya ce maka, "Alhaji, komai yana aiki, kawai kada ka haɗa ta da Wi-Fi," to ya ba ka amsa. Ka nemi lambar wanda ya yi aikin, ka ji ainihin abin da ya taɓa, sannan ku koma kan ciniki.